Layi a raye, waya a mace: yadda cif biyu suka yi musayar masu su a Kumasi

Asalin lamarin

Mai wannan matsala wata Hajiya ce da ke zaune a unguwar Aboabo ta Kumasi, a ƙasar Ghana, tana sarin masara da wake daga Techiman da Tamale tana sayarwa buhu-buhu a Kumasi. Kasuwancinta kacokan a kan layi guda yake. Ta nan direbobi ke sanar da ita sun taso, ta nan masu bashi ke turo kuɗi ta momo, wato asusun kuɗi na waya, ta nan kuma banki ke aiko mata da lambar tabbatarwa. Layin ya haura shekara goma a hannunta. Ta yi masa rajista da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, a lokacin sabunta rajistar da aka fara ranar 1 ga Oktoba 2021, kuma sunanta ne a kai, ba na ɗa ko na miji ba.

A Kumasi katin SIM "cif" ake ce masa, kuma yawancin mutane sun ɗauka lambar wayarsu tana rubuce a cikinsa. Ba haka ba ne. Abin da ke cikin cif lambobi ne biyu da mabuɗi ɗaya. Ta farko ita ce ICCID, lambar jikin katin, mai alƙaluma 19 ko 20, wadda a Ghana take farawa da 89233: 89 na nufin katin sadarwa, 233 kuma lambar kiran ƙasar. Ita ake bugawa a jikin babban katin robar da ake ɓallo cif daga cikinsa, wanda za mu kira uwar kati. Ta biyu ita ce IMSI, mai alƙaluma 15, wadda ba a bugawa a ko'ina. Ukun farko na ƙasa ne (Ghana 620, Najeriya 621, Nijar 614, Burkina Faso 613), biyu na biye na kamfani ne (01 MTN, 02 Telecel da a da ake kira Vodafone, 03 da 06 kuma na AT, gadon Tigo da Airtel da suka haɗe a 2017), sauran goman na mai layi. Mabuɗin kuwa ana ce masa Ki, kuma kwafinsa biyu ne kawai: ɗaya a cif, ɗaya a rumbun kamfani.

Lambar da mutane ke kira tana rumbun kamfani, a jere guda da ke cewa lamba kaza ta IMSI kaza ce. Sauya cif bai wuce goge IMSI ɗin da ke wannan jere a rubuta wata ba.

Litinin da Talata: ɓatan waya da sabon cif

Ranar Litinin da la'asar wayar ta ɓace a cunkoson kasuwar Kejetia. Kafin magariba ɗan ƙanenta, wanda shi ke riƙe mata lissafi, ya kira kamfani aka dakatar da layin. Sai da ya ɓata kusan awa guda yana kiran kamfanin da ba shi ba, domin ya bi alƙaluma ukun farko na lambar. Ya manta Hajiya ta taɓa ƙaura da lambarta zuwa wani kamfani. Tun watan Yulin 2011 ake iya yin haka a Ghana, saboda haka farkon lamba ba ya nuna kamfanin da ke riƙe da ita yanzu.

Ranar Talata da safe ya sayo mata waya ta hannu a Adum. Da hantsi suka je shagon wani wakilin kamfanin a unguwa. Mutane sun yi layi har bakin ƙofa, kwamfutar kuma tana jan ƙafa. Wakilin ya duba Ghana Card ɗinta, ya tantance ita ce, ya haska zanen layi-layin da ke jikin uwar kati da na'ura, ya danna. Sannan ya ɗauki ƙaramin cif daga kan tebur, wanda ya riga ya ɓallo don rage jira, ya sa mata a waya, ya miƙa mata uwar katin ya ce ta adana saboda lambar PUK da ke jiki, wadda ake buɗe cif da ita idan ya kulle. Ta sa a jakarta cikin takardun awo.

Waya ta kunnu, babu sabis. A saman allo an rubuta cewa kiran gaggawa kaɗai ke yiwuwa. Wakilin ya ce, "Hajiya, ki ba shi zuwa gobe, wani lokaci yakan ɗauki awa 24."

Laraba da Alhamis: jira, da gyaran abin da bai lalace ba

Laraba ta wuce a jira. Duk wanda ya kira lambar sai ya ji an ce wayar a kashe take. Wani direba da ya taso daga Techiman da buhu 40 ya iso ya rasa wanda zai karɓa, sai da ya bi ta wani dillali aka je aka kira ta a gida.

Ranar Alhamis zargi ya koma kan wayar, tun da ta hannu ce. Mai gyara na farko ya goge ƙarfen cif da auduga da sifirit, ya sauya tiren cif, daga ƙarshe ya wanke wayar gaba ɗaya ya sake ɗora mata manhaja. An biya kuɗin aiki, allo bai sauya ba. Sai ya ce ƙila wayar sata ce an toshe IMEI ɗinta.

Zargin ba shirme ba ne. IMEI lambar wayar ce ita kanta, alƙaluma 15, ana ganinta idan an danna *#06#, kuma kamfani na iya hana wayar da aka kai ƙarar sace ta shiga sabis ko wane cif aka sa mata. Amma gwajin da ke raba gardama ba ya cin minti 5, kuma kyauta ne. Da yamma ɗan ƙanen nata ya yi shi a gida: ya sa nasa cif a wayar Hajiya, sabis ya cika, ya sa nata a tasa wayar, babu komai. Ya kuma shiga saiti ya nemi kamfanoni da hannu, wayar ta jero su duka, wato eriyarta lafiya lau. Da ya zaɓi kamfaninta sai ta ɗan yi juyi ta ce an ƙi karɓa.

Wannan ƙin karɓar shi ne bayani mafi amfani da aka samu a kwana ukun, sai dai babu wanda ya karanta shi. Ga abin da ke faruwa a 'yan daƙiƙun nan. Waya ta karanto IMSI daga cif ta aika wa turken sadarwa mafi kusa. Turke ya miƙa wa cibiya, cibiya ta tambayi babban rumbun masu layi, wanda injiniyoyi ke kira HLR, ko HSS a tsarin 4G. In akwai layi a kan wannan IMSI, sai a aiko wa cif wata lamba da aka zaɓa barkatai, cif ya sarrafa ta da Ki ya mayar da amsa, rumbu ya gwada da tasa. Ki ba ya fita daga cif ko kaɗan, amsar kawai ke fita. In suka dace, an shiga, a ba wayar wata lamba ta wucin gadi da za ta riƙa amfani da ita a iska maimakon IMSI, don kada mai saurare ya riƙa bin sawunta. In kuwa rumbu bai san wani layi a kan IMSI ɗin ba, sai ya mayar da dalilin ƙi mai lamba 2. Wayar da aka toshe dalilinta daban ne, lamba 6. Allon waya ba ya nuna wa mai ita waɗannan lambobi, shi ya sa cututtuka biyu suke zuwa da fuska ɗaya.

Akwai wata ƙa'ida kuma da za ta yi tasiri nan gaba. Idan waya ta sami irin wannan ƙi, takan ɗauki cif ɗin a matsayin marar amfani, ta daina naci, har sai an kashe ta an kunna ko an zare cif an mayar.

Juma'a: ta wajen kamfani komai lafiya

Da safe aka kira 100, lambar sashen kula da masu layi, daga wani layi na kamfanin. Ma'aikaciyar ta tambayi suna da lambar Ghana Card da wasu bayanai, ta duba, ta ce layin a buɗe yake, an sauya masa cif ranar Talata, rajistarsa cikakkiya ce, ba a dakatar da shi ba, abin da ta gani kawai shi ne wayar ba ta kunne. Aka ce mata ga wayar nan a kunne a hannu. Ta ba da shawarar a kashe a kunna, in bai yi ba a je ofis.

Ba ƙarya ta yi ba. A allonta lamba tana haɗe da wata IMSI mai rai, kuma wannan IMSI ba ta taɓa gaisawa da wani turke ba tun ranar Talata. Haka ma masu kira: rumbu na neman inda IMSI ɗin take, ya tarar ba ta ko'ina, sai a sa musu muryar "a kashe take". Tambaya ɗaya ce ba a yi ba, wato a karanto lambar cif ɗin da ke cikin wayar.

Bayan sallar Juma'a wata maƙwabciya ta kawo nata zaton: ƙila rajista ce ta warware, kamar yadda layukan mutane da yawa a Zango suka mutu bayan wa'adin rajista na 31 ga Mayu 2023, musamman waɗanda ba su sami Ghana Card a kan lokaci ba. Hajiya tana da wani tsohon layi a gida da aka yi wa rajista da katinta. Aka danna *402# a kansa, lambar da hukumar sadarwa ta NCA ta tanada don mutum ya ga layukan da ke rataye da katinsa. Lambarta ta fito a ciki. Wannan ƙofa ma ta rufu.

Asabar: waya ta farfaɗo da lambar wani

Daren Juma'a batiri ya ƙare. Da aka sa caji aka kunna bayan sallar asuba, sai ga sabis ya cika. Hajiya ta kira ɗan ƙanenta don ta yi masa albishir. Bai ɗauka ba sai a kira na uku, domin baƙuwar lamba ce ta fito masa. Kafin hantsi kira biyu sun shigo da harshen Twi ana neman wani mutum da ba ta sani ba, sai kuma saƙon wata makaranta game da kuɗin zango.

Yaron ya kira ainihin lambarta. Ta yi ƙara, namiji ya ɗauka. Da aka fara yi masa bayani cewa layin da ke hannunsa na wata ne, sai ya katse. An sake kira sau biyu, ya ce ya san irinsu, ya kashe. Ba a ga laifinsa ba. Duk mai waya a Ghana ya sha kiran 'yan damfarar momo da ke cewa sun turo kuɗi bisa kuskure ko kuma daga ofis suke, kuma darasin da kowa ya koya shi ne a katse.

A gidan Hajiya ma fassarar da aka yi ke nan, ta ɗaya gefen: ɓarayin wayar sun haɗa baki da wani sun karɓe layin. Irin wannan satar tana faruwa, kuma siffarta ke nan, layinka ya mutu a hannunka ya tashi a hannun wani. Yaron ya sake kiran 100 ya sa aka dakatar da lambar da asusun momo, ya kira banki aka tsayar da ma'amala ta waya. Abin da bai shiga lissafin sata ba shi ne lambar baƙon da ta faɗo cikin wayar Hajiya. Ɓarawo ba ya barin nasa layin a madadin wanda ya ɗauka.

Lahadi: lambobi biyu na ƙarshe

Yawancin shagunan Adum a rufe suke ranar Lahadi, amma na Zango suna buɗewa. Mai gyara na biyu, a Asawase, ya saurari labarin tun daga Litinin bai taɓa sukudireba ba. Ya ce, "Hajiya, babban katin da aka ba ki, yana nan?" Ta zazzage jaka ta samo shi.

Ya sa cif ɗin a wata waya da ke nuna ICCID a shafin bayanin waya. Wannan lambar ana karanta ta ko da sabis ko babu, ko da an kulle cif da lambar sirri. Ya ajiye uwar katin kusa da allo, ya bi alƙaluman da bakin biro ɗaya bayan ɗaya. Duk sun dace har zuwa biyun ƙarshe. Cif ya ƙare da 46, uwar kati ta ƙare da 53.

Mai kallo zai ce tsakanin 46 da 53 akwai tazarar katuna bakwai. A gaskiya maƙwabtan juna ne a cikin fakiti. Alƙalamin ƙarshe na ICCID ba ya cikin jerin ƙidaya, lissafo shi ake yi daga sauran ta hanyar da ake kira Luhn, irin wadda ke kan katin banki, don a kama kuskuren bugawa. Ainihin lambobin jerin su ne 4 da 5. 6 da 3 masu gadi ne. Wannan ya nuna abu biyu. Ba kuskuren yatsa ba ne, domin da wakilin ya buga alƙalami ɗaya ba daidai ba, kwamfuta za ta ƙi karɓa. Kuma katunan biyu daga tebur ɗaya suka fito.

Daga nan labarin ya warware kansa. Ranar Talata an ɓallo cif biyu, an haska uwar 53, an ba Hajiya cif 46. Lambarta ta hau kan 53, wanda ke kwance a shago babu waya, ita kuma tana yawo da 46 da babu layi a kansa. Ƙaramin cif yana komawa gurbinsa in an danna shi, saboda haka da aka tashi aka mayar da 53 cikin uwar da ta rage, ta 46. Ranar Juma'a da yamma wani ya zo sauya cif, aka haska uwar 46, aka ba shi 53. Lambarsa ta tafi wayar Hajiya, tata ta tashi a tasa. Ba ta ga haka ba sai da safe, saboda wayarta ta daina neman shiga tun ƙin ƙarshe, mutuwar batiri ce ta sa ta sake gwadawa.

Mai gyaran ya ƙara da gargaɗi guda: kada a sa wa cif ɗin lambar sirri a manta, domin PUK ɗin da ke jikin uwar katin na ɗayan ne. Gwaji 10 da PUK da ba daidai ba yana kashe cif har abada.

Litinin ta biyu: babban ofis

A ilimance, hanya mafi sauƙi ita ce mutanen biyu su haɗu su yi musayar cif hannu da hannu, komai ya koma daidai ba tare da taɓa kwamfuta ba. Ba a samu haka ba, tun da ɗayan ya toshe duk lambar da aka kira shi da ita.

Hajiya ta je babban ofishin kamfanin da Ghana Card, da cif 46, da uwar 53. An rubuta mata lambobin biyu cikakku a takarda don kada bayani ya yi tsawo. Ma'aikacin ya duba kowace a kwamfuta, ya ga lambarta a kan 53, lambar wani a kan 46, kuma duka biyun daga wakili ɗaya, kwana uku tsakani. Ya tantance ta, ya ɗauko sabon kati da ba a ɓalle ba, ya haska shi a gabanta, sannan ya ɓalle ya sa a waya. Aka kashe aka kunna, cikin 'yan mintoci sabis ya zo. Ya sa ta kira wayar yaron, lambarta ta fito. A daidai lokacin 53 ya zama roba kawai a wayar ɗaya mutumin. An karɓi 46 aka dakatar da layin da ke kansa har mai shi ya zo da katinsa.

Asusun momo ya ɗauki ƙarin kwana biyu. An tarar ya riga ya kulle kansa tun daren Juma'a, saboda mutumin ya yi ta sa tasa lambar sirri a asusun da ya ɗauka nasa ne. Sai da aka sake mata sabuwar lambar sirri. Kuɗin da ke ciki bai ragu da ko sidi ɗaya ba, kuma duk abin da masu bashi suka turo a cikin makon ya shiga, domin asusun yana rataye da lambar waya ne, ba da cif ba. Abin da ya fita ya fita: saƙonnin shigar kuɗi na kusan yini guda, da sunayen masu turowa da ragowar da ke asusun, baƙo ya gani. Daga ɓatan waya zuwa dawowar layi kwana 7, zuwa buɗewar asusu kwana 9.

Inda laifin yake

Babu na'urar da ta yi kuskure a wannan lamari. Rumbu ya yi abin da aka gaya masa, waya ta bi ƙa'idarta, tantancewar Ghana Card ta tabbatar da mutumin da ke tsaye gaban tebur har sau biyu. Abin da tantancewar ba ta iya gani shi ne wane ɗan ƙarfe aka sa a tafin hannunsa. Duk tsaron da aka gina, daga Ki zuwa hoton yatsa, ya tsaya ne a kan zaton cewa cif da uwarsa ba su rabu ba kafin a haska, kuma wannan zato wakilin ya karya don ya rage wa mutane tsayuwa. Maganar "awa 24" ta fi ɓallewar muni, domin da ya kira lambar a gabansa ya ga ba ta shiga, da a ranar ya gano, tun 53 yana kan teburinsa.

Mai gyara na farko ya yi aiki a juye: ya fara da mai tsada mai ɓarna, ya bar musayar cif tsakanin wayoyi biyu. Cibiyar kira ta amsa tambayar da aka yi mata, ko layin yana raye, alhali tambayar da ta dace ita ce a kan wane cif yake raye. Dakatar da layi da asusu ranar Asabar daidai ne ko da fassarar sata ba ta tabbata ba, domin a lokacin lambar tabbatarwa ta banki za ta faɗa wayar baƙo ne, kuma lambar sirri ce kaɗai ta rage tsakaninsa da kuɗin. An yi sa'a mutumin kirki ne da ya ruɗe.

Ga mai karɓar sabon cif, abin dubawa kafin ya bar shago kaɗan ne: a ɓalle cif a gabansa bayan an haska, ya gwada alƙaluma huɗun ƙarshe na jikin cif ko na allon waya da na uwar kati, ya kira wani ya ga lambar da ta fito, wani kuma ya kira shi. In sabis bai zo ba, a kashe wayar a kunna kafin a yanke hukunci, sannan a karanta wa kamfani ICCID ɗin da wayar ta nuna, ba wadda ke jikin roba ba.